Fidar tsuntsaye da na saya a Katsina, hunturu biyu ina gwada ta

Tun bara duk wanda ya shigo gaida Hajiya sai ya ɗaga kai ya kalli robar nan da ke rataye jikin bedin tsakar gidanmu yace wai wannan fitilar sola ce ko mi, wata baƙuwa ma har ta ɗauka maganin sauro ne. Tau yau dai nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaita bayani, musamman da yake mutum uku sun riga sun ce mani za su saya, kuma bani son wani ya kashe kuɗinshi ya dawo yana cewa ni na kai shi na baro. Fida ce, amma ba ta kaji ba, ta tsuntsayen Allah ce masu yawo, ka zuba hatsi ka rataye su zo su ci ka zauna kana kallo. In maki ake badawa uku cikin biyar zan bata, kuma ukun ma da ƙyar.

Hajiya ce ta ja mani wannan aiki. Ita in sanyi ya shigo kullum da hantsi sai an shimfiɗa mata tabarma a rana, ta watsa ɗan tsaki can gefe tana ja da carbi tana kallon kurciyoyi, kuma kullum maganarta ɗaya, wai tsuntsaye sun ƙare. Tace lokacin suna yara a cikin gari wajen Ƙofar Guga in ana surfe ko an shanya hatsi sai an aje yaro da kara yana kora, yanzu kau ka shanya gero wuni guda kaza kaɗai zaka yi faɗa da ita. Ni kuma ina ce mata Hajiya ke dai komi na da ya fi maki na yanzu, har sanyin ma kin ce na da ya fi. Ana haka ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mana bidiyo a WhatsApp na bayan gidan da yake haya, tsohuwar mai gidan ta rataye irin wannan robar, ga ta zaune bakin taga da takarda da biro tana ƙirga tsuntsaye. Yace can duk ƙarshen watan Janairu mutane kan ware awa ɗaya su ƙirga na gidajensu su tura ma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, sun fara tun 1979, suna kiran abun Big Garden Birdwatch. A Amurka da Kanada kuma akwai Project FeederWatch tun 1987, su daga Nuwamba har Afrilu suke yi, asalinta ma a lardin Ontario na Kanada aka fara a 1976. Da irin wannan ƙidaya ta 'yan sa kai da wasu hanyoyin na masana aka fitar da rahoto a 2019 cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 daga 1970. Da na karanta ma Hajiya sai tace "ka ji ko, su Turawan ma sun yarda dani, kai ne mai gardama." Daga nan nace tau nima zan ƙirga in ga ƙarshen gardamar.

Ban ma tashi neman fidar ba na ci karo da ita. Naje wani shagon kayan kaji kusa da babbar kasuwa zan sayo ma uwargida dirinka da maganin tari na kajinta, sai na hango ta can saman kanta ta sha ƙura, sak irin ta cikin bidiyon. Nace Alhaji wancan fa? Yace "wallahi Malam ni kaina ban san kanta ba, cikin kaya aka haɗo mani daga Kano guda shida, na ɗauka ta 'yan tsaki ce na gwada ban ga ta inda za su ci ba." Na yi mashi bayani yana ta dariya, yace yanzu mutum da hankalinshi ya sayi gero a wannan marra ya ba gwara? Ya yi mani kuɗi dubu sha biyu, muka yi ta ja har ya sallama dubu takwas da ɗari biyar, ya goge ta da tsumma ya sa a leda. Shagon dai ba ni da ƙorafi a kanshi ko kaɗan, mutumin bai yi mani ƙarya ba, bai ce mani 'yar Jamus bace ko mai ƙarko ce, cewa yayi bai sani ba, kuma wannan kaɗai a kasuwar yau abun a gode ne.

Ita kanta fidar doguwar roba ce garai-garai kana ganin abun da ke ciki, tsawonta kamar kamu ɗaya da 'yan kai, faɗinta kamar robar lemun kwalba babba. Tana da murfi kore a sama da waya ta ratayewa, a jikinta ƙofofi huɗu, biyu ta kowane gefe, ƙarƙashin kowace ƙofa ɗan tsinke na roba inda tsuntsu zai sauka, can ƙasa kuma ɗan faranti kamar murfin kwano. Tana cin gero kusan rabin kwano. A ido dai masha Allah, ranar da na rataye ta yara har hoto suka yi da ita.

Matsala ta farko a daren farko ta fito. Na cika ta da gero da la'asar, da asuba na fito na tarar da rabi a ƙasa. Ƙofofin nan an yi su ne don irin abincin da suke ba nasu tsuntsayen, manyan ƙwayoyi irin su ɗiyan furen bi-rana da gyaɗa, mu kuma geronmu ƙanana ne ga santsi, da iska ta ɗan kaɗa robar sai ya yi ta tsiyaya kamar an huda buhu. Kuma kun san iskar hunturun Katsina in ta taso daga gabas da tsakar dare ba kaɗawa take ba, lilo take da abun. Na gwada dawa zalla, ta tsaya bata zuba amma ƙananan tsuntsaye basu iya ta, sai su ɗauka su yar. Ƙarshe dai salatif ɗin masu gyaran wuta na samo na toshe rabin kowace ƙofa, na haɗa gero kashi biyu da tsakin dawa kashi ɗaya, sannan na ɗaure gindinta da igiyar roba na ja zuwa jikin bishiyar don ta daina lilo. Da haka ne ta zauna lafiya, amma kyaun nan da aka yi ma hoto ya tafi, yanzu kamar wadda aka sallamo daga ɗakin ɗori take.

Sai ƙura. Duk wanda ya tsara wannan abu dusar ƙanƙara da ruwan sama yake tsoro shi ya sa ya ƙawata murfin sama, bai san akwai garin da ƙura ke shigowa ta gefe ba. Sati ɗaya na hazo ya isa robar ta koma ruwan ƙasa baka ganin ko hatsin ya ƙare, ga wani laka-laka da ke taruwa can ƙasa in raɓar asuba ta ɗan taɓa shi.

Kwana tara cur babu tsuntsun da ya sauka a kanta. Suna zuwa su zauna kan katanga su karkace kai su kalle ta, su sauka ƙasa su tsince wanda ya zube su tashi. Uwargida har ta fara habaici wai dubu takwas da rabi dai an rataye a bishiya ana kallo. Ranar ta goma da safe ina shan kunu sai ga gwara ɗaya, irin mai tokar kai ɗin nan, ta sauka kan tsinken, ta tashi, ta sake sauka, ta leƙa ƙofar kamar mai leƙa rijiya, ta caki ƙwaya ɗaya ta gudu kan waya. Bata fi minti biyu ba ta dawo da wata. Kafin sati sun zama 'yan gida har faɗa suke a kan ƙofar da ta fi buɗewa. Bayansu kabare suka gano wajen, waɗanda da damina namijin ke yin rawaya shar yana saƙa sheƙa, da hunturu kuma duk sun koma ruwan ƙasa-ƙasa baka bambance namiji da mace sai ka ƙura ido. Kanari ma kan leƙo jefi-jefi.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na rage mata maki: mafi yawan tsuntsayen gidajenmu a ƙasa suke kiwo. Kurciya bata iya tsayawa kan wannan ɗan tsinken, na ga wata ta gwada ta yi ta fuka-fuki har ta haƙura. Hasbiya kau ba a magana, ta yi nauyi. Bardo mai dogon bindi, baiwar Allah 'yar ja ɗin nan da ke shiga har cikin madafi, asisi mai ruwan bula, duk ƙasa suke so kuma kusa da wajen ɓuya. Wato dai fidar gwara da kabare take ciyarwa, sauran kuma ɓarin da waɗannan suka yi suke tsinta a gindinta. Da na gane haka sai na daina jin haushin zubar, na share wajen na zuba yashi mai kyau, na jingina 'yan rassan ƙaya a gefe don in shaho ya gifta su samu inda za su faɗa.

Baƙin da ba a gayyata ba su ma sun samu. Kajin uwargida suka mayar da gindin bedi ofishinsu sai da aka koma kulle su har ƙarfe tara. Ƙadangaru kan biyo igiyar da na ɗaure su zauna kan farantin suna gyaɗa kai, tururuwa ta yi layi, da dare kuma ɓeraye, don haka yanzu in magariba ta yi sai an share ƙasan tas. Kyanwar maƙwabta ta kama mani kurciya ɗaya a gaban idona, na jefa takalmi ban same ta ba. Yaran unguwa da danƙo su ma labari ya kai masu, sai da na fita na yi masu jan ido na haɗa da alewa sannan muka sasanta. Wanda ya fi bani dariya wani dattijo ne maƙwabcinmu da ya ja ni gefe bayan sallar isha'i ya rage murya yace "Malam, wane malami ne ya baka wannan laƙanin? In na buɗi ne ka taimaka ma ɗan'uwanka." Don shi a saninshi in ka ga mutum na watsa ma tsuntsaye gero kullum da safe to sadaka aka ce ya yi. Nace Baba wallahi lissafi kawai nake, yace "tau Allah shi bada sa'a" da alama dai bai yarda ba har yau.

Abun da ya canza komi ba fidar bace, kasko ne na naira ɗari huɗu. Hajiya ce tace "kai ɗan nan hankalinka na boko ne, da rani wa ya ce maka yunwa ke damun tsuntsu, ƙishi ne," ta kawo hadisin nan na cewa akwai lada a kan duk wata ɗanyar hanta, tasa aka sayo mata kasko mai faɗi wajen masu tukwane. Muka aje shi a inuwa kamar taku biyar daga bishiyar, ruwa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, na sa duwatsu uku a ciki saboda ƙanana su samu wajen tsayawa, kuma saboda ƙudan zuma da ke zuwa sha kar su nutse. Wallahi cikin kwana biyu abun da ya zo ma kaskon nan ya ninka na fida. Shaya mai sheƙi, cilakowa guda biyu da ke sauka da wani irin tsalle na rashin kunya kowa ya watse, tsirya sau ɗaya, ga asisi su shiga su yi wanka su fito su jera kan ƙaya suna karkaɗe jiki. Duk waɗannan babu ruwansu da robata ta dubu takwas da rabi.

Ƙidayar kuma ga yadda muke yi, ni da ɗiyata ta aji biyu a sakandare wadda ita ce magatakarda. Asabar da Lahadi, daga bakwai zuwa bakwai da rabi na safe, muna zaune a baranda bamu motsi. Ƙa'idar da Turawan ke bi muka ara kuma tana da hikima: baka tara duk wanda ka gani, adadi mafi yawa da ka gani a lokaci ɗaya shi kake rubutawa. In kurciya huɗu suka sauka suka tashi, can biyar suka sauka, biyar zaka rubuta ba tara ba, don wataƙila waɗancan huɗun ne suka dawo da ƙawarsu. Wanda bamu gane ba ta ɗauke shi hoto da wayata ta sa a manhajar Merlin, kyauta ce, ta jami'ar Cornell ce ta Amurka, ita ta bada sunan Turanci Hajiya ta bada na Hausa, in sun saɓa kuma na Hajiya muke rubutawa don zaman lafiya.

Hunturun farko abun ya zo da tsari mai ban sha'awa. A Nuwamba kusan fayau, kurciya uku zuwa huɗu, gwara biyar, har na fara cewa lallai Hajiya ta yi gaskiya. Ashe kaka ce, gonaki cike da ɓarin gero da dawa, ciyawa duk ta yi ƙwaya, ga sauran ruwa a kududdufai, wa zai baro wannan daula ya zo gidan mutum ana kallonshi? Daga tsakiyar Disamba suka fara ƙaruwa, a Janairu ranar da aka tashi da hazo mai yawa da sanyin nan mai fasa leɓe muka rubuta kurciya 13, gwara 19, kabare 11, baiwar Allah 6, asisi 5. Na lura in sanyi ya yi tsanani basu saukowa da wuri, sai su kumbura gashi su jera kan waya suna jiran rana kamar dai yadda muke yi a bakin masallaci, sai wajen bakwai da kwata su zubo gaba ɗaya. Zuwa Maris da zafi ya fara shigowa fidar ta rage kasuwa, kaskon kuma sai an cika shi sau uku a wuni.

Hunturu na biyu, wato wanda ya wuce, littafin ya nuna wani abu daban. Kurciya da gwara suna nan yadda suke, gwara ma sun ɗan ƙaru. Kabare sun makara, sai ƙarshen Janairu suka yi yawa. Amma asisi da baiwar Allah sun yi ƙasa ƙwarai, asisi mafi yawa biyu muka gani, akwai sati uku a jere da ɗiyata ta rubuta sifiri a layinsu tana ɓata rai. Ni dai zargina ɗaya. Bayan gidanmu akwai wani fili da ya shekara da shekaru ba a gina ba, da magarya biyu da aduwa da sarƙaƙiyar ƙaya da ciyawa, kullum daga can ƙananan nan ke fitowa kuma can suke komawa in an firgita su. Bayan sallar layya mai filin ya sayar, sabon mai shi ya sare komi ya ƙone ya zagaye da bulo, yanzu har an kai linta. Bani ganin laifinshi, nima gidan da nake ciki gonar wani ce a da, duk unguwannin bayan ganuwa haka aka yi su. Amma su gwara da kurciya sun iya zaman birni, ramin bulo da silin ma ya ishe su, asisi kau in babu ƙaya da ƙwayar ciyawa ta kama gabanta.

Duk da haka ban yarda in ce na gano tsuntsaye sun ragu a Katsina ba, hunturu biyu a tsakar gida ɗaya ba hujja bace, kuma wanda zai sayi fida don wannan ya san da haka. Fida tana gaya maka wanda ya zo gidanka ne, bata gaya maka wanda ke daji. In damina ta yi kyau abinci ya wadata a waje sai ka ga kaɗan, ka ɗauka sun mutu alhali ƙoshi ne ya hana su zuwa, in an yi fari kuma su cika maka gida ka ce an samu albarka alhali wahala ce ta koro su. Ko can Turai haka masu ƙidayar ke fama, shekarar da sanyi bai yi tsanani ba itatuwa suka yi 'ya'ya sai fidojinsu su yi fayau, shi ya sa sai an tara na dubban gidaje na shekaru masu yawa kafin a buɗe baki. Kuma je ka gaya ma manomin da jan baki ya sauka ma gero ko shinkafa cewa tsuntsaye sun ƙare ka ga yadda zai kalle ka, tsuntsun da ake cewa ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, wanda har jirgi gwamnati kan ɗauko a yi mashi feshi a su Kebbi da Yobe da Jigawa. A gidana dai sau biyu kawai na ga 'yan ƙalilan sun biyo kabare, kuma ban yi masu maraba ba.

Wani abun da ya ɗaure mani kai shi ne lokacin da ƙanena ke cewa nasu sun ragu saboda wasu sun yi ƙaura, ashe wajenmu suke tahowa. Shamuwa ta tafi kudu da ƙarewar damina, su kuma na Turai su tsallako hamada su yi hunturu a nan, da yawa daga cikinsu kan taru a wuraren ruwa irin fadamar Haɗejiya da Nguru, amma ko a bakin madatsar Ajiwa in ka je zaka ga wani ɗan siriri mai rawayan ciki yana bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela, baƙo ne daga can. Irinshi ƙwari suke ci don haka fida bata gabansu, kasko ne kaɗai kan jawo ɗaya-ɗaya. Akwai wani ƙarami mai farin maƙogwaro da ke hunturu a yankinmu na Sahel, a 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga sama da kashi biyu cikin uku basu koma ba, da aka bincika ashe farin da aka yi a nan ne ya cinye su. Wato mutanen Ingila daga littafin ƙirgan tsuntsu suka ga alamar farin da ya zo ya addabi iyayenmu a shekarun 1970. Da na ba Hajiya wannan labarin shiru ta yi, can tace ta tuna shekarar da aka riƙa bin layin garin agaji. Mu ma fa a nan akwai masu wannan aiki, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, kuma wanda ke so yana iya tura lissafinshi ta manhajar eBird daga wayarshi, mu dai har yanzu a littafin aji muke.

Inda na sara ma Hajiya ba gardama shi ne ungulu. Ni kaina na taso ina ganinsu jere kan katangar mahauta da bayan kasuwa, yau ɗiyata bata taɓa ganin ungulu da idonta ba sai a hoto, kuma tun 2015 aka sa irin tamu ta gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Wannan ba sai da fida ba.

Sai maganar wanki, wadda ita ce aibi na biyu mafi girma. Gindin fidar baya cirewa, a manne yake, hannu kuma baya shiga, don haka dattin da ya taru can ƙasa sai dai ka ɗaura soso a kara ka yi ta zungura. Kuma wankin ba na ado bane, duk inda ka tara tsuntsaye suna ci suna sha waje ɗaya ka tara cuta. A Ingila daga wajen 2005 wata cuta ta maƙogwaro da aka sani a jikin tattabaru da kurciyoyi ta shiga wani ɗan koren tsuntsu nasu ta yi mashi mummunar ɓarna, kuma wuraren ci da sha na gidaje na cikin hanyoyin da ta bi. Masu kiwon tattabaru a nan sun san irinta, tsuntsu ya kumbura ya kasa haɗiya. Ga murar tsuntsaye da tun 2006 da ta fara ɓulla a jihar Kaduna bata bar mu gaba ɗaya ba, duk mai kaji a gida ya kamata ya raba masu wajen sha da na tsuntsayen waje, wannan uwargida ce ta kafa dokar kuma ta yi daidai. Ni duk Juma'a nake wanke fidar da ruwan zafi da omo da ɗan digon bilic in shanya ta bushe ƙarau kafin in zuba hatsi, kaskon kuma kullum a zubar a ɗauraye. Sau ɗaya na ga wata kurciya ta takure bata tashi, na sauke komi na sati biyu.

Ƙarko kuma babu. Zafin Afrilu na farko ya dafa robar, koren murfin ya koɗe ya koma fari-fari, tsinke ɗaya ya karye a hannuna ina wanki na maye shi da kan tsohon biro, yanzu ga tsaga ta taso daga ƙofar sama tana gangarowa. Laifina ne ta wani gefen da ban sauke ta da bazara ba, wanda ya saya ya sauke in hunturu ya fita. Hatsi kau tiya ɗaya kan kai ni wajen sati uku in na auna hannu, da fari da nake cika ta maƙil kwana goma bata yi, yanzu iya na safe nake zubawa.

In kana da yara kuma kana son su ga tsuntsu kusa da kusa ya tsaya cak yana ci, saya, wannan kam tana yi, don ɗiyata da autana yanzu sun san sunan tsuntsu ya fi ashirin kuma autan ya aje danƙo da kanshi. In kau so kake tsuntsaye su cika maka gida kasko da tsohon faifai sun wadatar, ka riƙe canjinka. Satin da ya wuce na koma shagon ko akwai murfi ko tsinke na canji, Alhaji yace babu, amma sauran biyar ɗin suna nan inda na bar su, in zan kwashe duka ya bar mani dubu biyar-biyar. Ban kwasa ba. Na ɗauki tawa mai tsaga na kai ma wani maƙerin gwangwani da ke yin mazurari da ma'aunin mai, nace ya ƙera mani irinta da langa-langa, ƙofofi ƙanana daidai gero, faranti mai faɗi da kurciya zata iya tsayawa, gindi kuma mai cirewa. Ya jujjuya ta ya leƙa ciki yace dubu uku, in dawo ranar Laraba, sannan ya tambaye ni ko tsuntsayen na sayarwa ne.